Harris, Atlas ko Magpul: Wace Madogarar Bindiga Ce Ta Fi Ƙarko da Aminci?

Madogara mai ƙafa biyu da ake ɗaura wa doguwar bindiga a ƙarƙashin katakonta na gaba ƙaramin abu ce, amma idan maharbi ya kwanta rub da ciki zai yi harbin nesa, a kanta nauyin gaban bindigar yake sauka, kuma ita ce ke fara karɓar haurin bindigar tare da kafaɗarsa. A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai, inda farauta mai lasisi da gasar harbin nesa suka zama sana'a da wasa, kasuwar waɗannan madogarai ta bunƙasa ƙwarai, musamman tun da aka fara gasar Precision Rifle Series a shekarar 2012. A yau mai saye zai tarar da ta dala 30 da ta dala 600 a jere a kanti ɗaya, kowacce kuma an rubuta a kwalinta cewa ba ta lalacewa.

Kafin a shiga kwatanta su, ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Ƙarko shi ne madogara ta jure faɗuwa da bugu da ruwa da shekaru ba tare da ta karye ba. Aminci kuwa shi ne ta riƙa yin abu ɗaya kullum: ƙafar da aka kulle ta zauna a kulle, bindigar da aka daidaita ta tsaya a daidai, harbi na hamsin ya fita daga mazaunin da na farko ya fita. A ganina na biyun ne ya fi muhimmanci, domin madogarar kamfanin kirki ba kasafai take karyewa ba. Abin da ke samunta shi ne sako-sako, kuma wannan ba ya zuwa rana ɗaya. Noti yana kwancewa kaɗan, mahaɗa tana fara girgiɗi, maharbi yana ta zargin harsashi ko madubin hangensa, alhali matsalar tana ƙarƙashin hannunsa. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowace madogara ita ce yadda take tsufa, da kuma ko mai ita zai iya ganin tsufan ya gyara.

Harris ita ce tsohuwar cikinsu, kuma ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Kamfanin Harris Engineering yana ƙera ta a garin Barlow na jihar Kentaki, da ƙarfen da aka gasa ya yi tauri da kuma alminiyam, kuma siffarta ba ta canja sosai ba cikin shekaru masu yawa. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta haɗa ta cikin kayan bindigar M24 ta gwanayen harbin nesa, wadda aka fara amfani da ita a 1988. Wadda aka fi sani a cikinsu ita ce S-BRM, mai tsayin inci 6 zuwa 9, mai nauyin kusan giram 370, kuma kuɗinta ba ya nisa da dala 100. Harafin S yana nuna cewa tana karkata dama da hagu domin a daidaita bindiga a ƙasa mai gangare, M kuma yana nuna cewa ƙafafunta suna da tsagi-tsagi da makulli ke faɗawa ciki. Akwai masu tsayin inci 9 zuwa 13, akwai kuma dogaye da ke wuce inci 24 ga mai harbi a zaune cikin ciyawa.

Sirrin ƙarkon Harris shi ne ba ta ɓoye komai. Manyan sifirin guda biyu da ke riƙe ƙafafunta a waje suke, ana ganinsu, kuma tsakanin sassanta akwai sarari wadatacce, don haka yashi ko taɓo ya shiga, a girgiza ta ko a wanke da ruwa ya fita. Ƙafafun ba su da wani maɓallin da za a danna kafin a sauke su. Fizga ɗaya suke buƙata, ko da hannu yana cikin safa mai kauri a lokacin sanyi. Idan sifirin ya gaji ko takalmin roba ya cinye, ana samun madadinsu da sauƙi, kuma mutum zai iya canjawa da kayan aikin da ke gida. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ba mamaki har yanzu ana ganinta a hannun 'yan gasar da ke da halin sayen wadda ta ninka ta kuɗi sau biyar.

Sai dai tana da aibi guda uku da bai kamata a rufe su ba. Na farko shi ne mamurɗin da ke ƙara wa karkatarta tauri: ƙarami ne, yatsa ba ya iya matse shi yadda ya kamata, kuma yana saki idan harbi ya yi yawa, har bindiga mai nauyin madubi ta riƙa kwantawa gefe da kanta. Wannan ne ya sa da yawa suke cire shi su sa hannun Pod-Loc na kamfanin KMW, wanda ake matsewa da murɗa ɗaya. Ina ganin duk mai sayen Harris mai harafin S ya lissafa kuɗin wannan hannu cikin kuɗinta tun farko. Na biyu, sifirin ne kawai ke riƙe ƙafafun a tsaye. Idan an tura bindiga gaba suna tokare da jikinta su yi kyam, amma idan an ja ta baya ƙafa ta maƙale a dutse ko saiwa, za su iya naɗewa bindiga ta kife da baki. Na uku, taurinta yana sa ta yi tsalle a kan siminti ko teburin katako idan maharbi bai dafa ta da kafaɗa sosai ba. Akwai kuma bambanci tsakanin mai tsagi da marar tsagi da ya shafi aminci kai tsaye: marar tsagi da ɗan noti ake matse ƙafarta a tsayin da ake so, kuma abin da matsi kaɗai ke riƙewa yana iya zamewa, amma makullin da ya faɗa tsagi ba shi da inda zai je. Ga mai neman aminci, mai tsagi ce zaɓi.

Atlas, wadda kamfanin B&T Industries ke yi a Wichita ta jihar Kansas, ta zo da wani tunani dabam. Ƙafafunta suna kulluwa kowacce da kanta a matsayi biyar, wato a naɗe gaba, a digiri 45, a tsaye, a digiri 135, da a naɗe baya, kuma ba sa motsi sai an danna maɓalli. Wannan ya kawar da matsalar naɗewar ƙafa baki ɗaya, ya kuma ba maharbi damar sauko da bindiga ƙasa sosai ko ya kafa ta a kan duwatsun da ba su daidaita ba. Samfurin V8 yana kaiwa daga inci 4.75 zuwa 9, nauyinsa kusan giram 310 ne, kuma yana karkata yana waiwaye dama da hagu digiri 15 kowane ɓangare. Kuɗinsa ya kai ninki biyu zuwa uku na Harris.

Wanda ya fara riƙe Atlas yakan ji ƙafafunta suna ɗan lilo gaba da baya, ya ɗauka ta lalace. Wannan lilon da gangan aka bar shi, domin idan maharbi ya tura kafaɗarsa gaba ya ɗora mata nauyi, lilon yana ƙarewa, sannan idan harbi ya fita bindigar tana samun ɗan filin komawa baya a miƙe ba tare da ƙafafun sun bar wurinsu ba. Amma hakan yana nufin amincinta ya rataya a kan maharbi: wanda ba ya dafa ta daidai wa daida kowane lokaci ba zai ga amfaninta ba. Inda V8 take da rauni na gaske shi ne wurare biyu. Ƙafafunta na waje suna juyawa a kan na ciki, don haka idan an dafa ta a ƙasa mai santsi sai ta riƙa gangarawa gaba kaɗan-kaɗan. Sannan mamurɗi ɗaya ne ke riƙe karkata da waiwaye duka. Idan ya yi laushi, ƙafa ɗaya takan shige gaban ɗaya bayan harbi, bindigar ta daina komawa baya a miƙe.

Kamfanin ya magance matsalar farko a samfurin PSR, wanda aka yi domin shirin bindigar gwanaye na rundunar ayyuka na musamman ta Amurka, shirin da kamfanin Remington ya ci kwangilarsa a 2013. Ƙafafun PSR ba sa juyawa, kuma na cikinsu an yi su da alminiyam mai lamba 7075-T6 maimakon 6061-T6. Bambancin ba na talla ba ne, domin 7075-T6 yana jure kusan ninki biyu na nauyin da 6061-T6 zai jure kafin ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Matsala ta biyu kuwa samfurin CAL ne ya kawar da ita: an cire waiwaye gaba ɗaya, an faɗaɗa tsakanin ƙafafun, an kuma sa hannun Pod-Loc tun daga masana'anta. Idan aminci ake magana a kai tsantsa, CAL ce na fi yarda da ita a cikin dangin Atlas, saboda duk mahaɗar da aka cire wuri ne guda da ba zai taɓa saki ba. Mafaraucin da ke bin dabba mai tafiya da bakin bindiga zai yi kewar waiwayen, amma mai harbin abin da ke tsaye a nesa ba zai rasa komai ba.

Abin da Atlas ke biya a madadin wannan inganci shi ne ƙura. Tsawon ƙafarta ana canja shi ne ta hanyar jan wani zobe da ke danne ƙananan ƙwallayen ƙarfe cikin gurbinsu, kuma sassan sun matsu da juna fiye da na Harris. Yashi mai laushi idan ya taru a ƙarƙashin zoben yakan sa ya yi tauri, ko ya hana shi komawa mazauninsa sosai, kuma ƙafar da ba ta gama kulluwa ba za ta iya nutsewa daidai lokacin da aka ɗora mata nauyi. Wankewa da busarwa suna magance wannan, sai dai dole mai ita ya saba da jan ƙafar ya tabbatar ta kama kafin ya kwanta.

Magpul ta shigo kasuwar a 2018 da madogara mai haɗin alminiyam 6061-T6 da roba mai tauri, nauyinta kusan ɗaya da na V8, kuɗinta kuma kusa da na Harris. Tana karkata digiri 50 jimilla, tana waiwaye digiri 40, kuma ana iya kulle waiwayen a bar karkata kawai, wanda dabara ce mai kyau. Mutane da yawa suna raina ta saboda robar, amma ta fuskar ƙarko robar ba abin kunya ba ce: ba ta tsatsa, ba ta ƙara idan ta bugi dutse, ba ta kama fata a tsananin sanyi, kuma bugun da zai loɓa bututun alminiyam sau da yawa ita lanƙwasa kawai take yi ta dawo. Rauninta yana wajen aminci. Ƙafafun suna da laushi, mahaɗarta ta sama tana da ɗan girgiɗi ko an matse, kuma da bindiga ta yi nauyi abin yake ƙara bayyana. Ga bindiga marar nauyi da harbin da bai wuce mita ɗari biyu ko uku ba, ta wadatar sosai. Ga bindigar gasa mai kilo takwas da ake so ta zuba harsasai a wuri ɗaya daga mita dubu, ba ita ce za a nema ba.

Javelin ta kamfanin Spartan Precision Equipment na Ingila ta bi hanyar da ba ta kama da ta kowa. An yi ƙafafunta da zaren kabon, nauyinta bai kai giram 200 ba, kuma ba ta zama a jikin bindiga: a aljihu ake ɗaukarta, idan buƙata ta zo a cusa kanta cikin wani gurbi da aka dasa a katakon gaba, maganaɗisu ya riƙe ta. Mafarautan tsaunuka suna sonta, kuma akwai hikima a nan da ta shafi ƙarko, domin madogarar da ba ta rataye a bindiga lokacin da ake ratsa ƙaya da duwatsu ta tsira daga mafi yawan bugun da ke lalata sauran. Amma zaren kabon yana da halinsa. Yana da ƙarfi ƙwarai idan nauyi ya bi tsawonsa, amma idan aka taka shi ko ƙofar mota ta matse shi yana iya tsagewa daga ciki ba tare da ido ya gani ba, kuma ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi kamar ƙarfe. Gurbin ma yana buƙatar tsabta, tunda ƙasa idan ta cika shi kan madogarar ba zai zauna sosai ba. An yi ta ne domin harbi ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya, kuma a wannan aikin tana da aminci. Wanda zai yi harbi ɗari a yini ya nemi wata.

A ɗaya gefen akwai masu nauyi, irin su Accu-Tac ta Kalifoniya da Ckye-Pod ta kamfanin MDT na Kanada, waɗanda yawancinsu sun haura rabin kilo. Accu-Tac daga dunƙulen alminiyam ake sassaƙa ta, kuma har da samfurin da aka yi domin manyan bindigogi masu harsashin .50 BMG. Ckye-Pod kuwa ana buɗa ƙafafunta a tsuke su yadda ake so, kuɗinta kuma yakan wuce dala 500. Ba na shakkar ƙarfinsu, amma kuɗin da ke kansu na sauri ne da yawan matsayi, abubuwan da ɗan gasa mai aiki da agogo ke buƙata. Mafarauci ba zai sami ƙarin shekaru daga gare su daidai da ƙarin kuɗin da nauyin ba.

Duk wannan kwatanci zai zama aikin banza idan ba a dubi wurin da madogara ke haɗuwa da bindiga ba, domin a nan ne mafi yawan matsaloli suke farawa, kuma a nan ne aka fi ɗora wa madogara laifin da ba nata ba. Harris ta asali tana kama ƙusar maratayi ce, wato ɗan ƙarfen da ake rataya igiyar bindiga, kuma a bindigogin farauta da yawa wannan ƙusa cikin katako ko roba kawai aka murɗa ta. An yi ta ne domin ɗaukar nauyin bindiga a kafaɗa, ba domin a riƙa tura ta gaba da ƙarfin jiki ba, don haka tana iya kwancewa ko ta tsige. Maganinta shi ne ƙusar da ke ratsa katakon ta kama noti daga ciki. Sandar Picatinny, wato sanda mai tsagi-tsagi da ake ɗaura wa bindiga domin maƙala kaya, wadda sojin Amurka suka tsayar da ma'auninta a 1995, ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba, muddin ita kanta an ɗaure ta da noti biyu ko fiye. Tsarin M-LOK da Magpul ta fitar a 2014, wato gurabe a jikin katakon gaba da ake ɗaure kaya a ciki da noti, yana rage tsayi da nauyi, amma yana da iyakar matse noti da kamfanin ya ƙayyade, kuma iyakar da aka ba katakon gaba na roba ba ta kai rabin ta ƙarfe ba. Wanda ya wuce ta zai fasa gurbin, wanda ya gaza kuma zai ga madogara tana tafiya. Sandar Arca, da aka aro daga kayan masu ɗaukar hoto, tana ba da damar zame madogara gaba da baya, sai dai matsi ne kawai ke riƙe ta, saboda haka ana buƙatar matoshi a ƙarshen sandar. Ɗigon man kulle noti mai launin shuɗi, irin Loctite 243, yana hana yawancin kwancewar da hauri ke jawowa. Akwai kuma wani abu da babu madogarar da za ta gyara: idan katakon gaba roba ce mai laushi, dafa madogara zai sa ya lanƙwasa ya taɓa bututun bindigar, harsashi ya sauya wurin sauka.

Game da ruwa da tsatsa, Atlas tana da fifiko saboda sifirin da notocinta na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, yayin da sassan ƙarfe na Harris kan yi ja idan fentinsu ya goge aka ajiye ta da jiƙa. Wannan tsatsar ta sama ce, ba kasafai take hana ta aiki ba, amma a bakin teku ya kamata a goge ta bayan kowace fita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa wa ƙafafu giris ko mai da yawa, wanda ke tara ƙura ya mayar da ita kamar garin wasa wuƙa. A busasshiyar ƙasa gara a bar su a bushe.

Idan aka auna duka, ga mafarauci ko mai koyon harbin nesa da ke son abu ɗaya da zai daɗe, Harris mai tsagi tare da Pod-Loc da ƙusa mai noti ita ce na fi ba da shawara, domin aibinta sananne ne, a fili yake, kuma gyaransa ba shi da tsada. Wanda ke harbi a duwatsu da wurare marasa daidaito, ko yake dafa bindiga da ƙarfi, ya ƙara kuɗi ya ɗauki Atlas PSR ko CAL, ya tsallake V8 idan bambancin kuɗin bai fi ƙarfinsa ba. Magpul ta dace da bindiga marar nauyi, Javelin kuma da mai hawan tsauni.

Abin da ba na ba kowa shawararsa shi ne jabu. Harris da Atlas suna cikin kayan harbin da aka fi kwaikwaya, kuma shagunan intanet cike suke da masu kama da su a kan dala 20 ko 30, wasu har da tambarin kamfanin. Araha ba ta ado: a hoto ba a bambanta su, amma ƙarfen notocin laushi gare shi, zarensu yana cinyewa bayan matsi kaɗan, tsagin ƙafa yana gogewa har makulli ya daina kamawa, kuma babu garanti ko kayan gyara. Wanda zai sayi ta hannu ya ɗaura ta a bindigar da aka tabbatar babu harsashi a ciki, ya fitar da kowace ƙafa zuwa kowane tsagi ya danna da nauyin jikinsa, ya matse karkatar ya gwada kwantar da bindigar da hannu ɗaya, sannan ya duba kawunan notoci ko sun cinye. Idan ƙafa ta nutse ko da sau ɗaya, ko karkatar ta ƙi tsayawa bayan an matse ta iya matsewa, ya mayar wa mai ita.